Komawa Kan Sirdi: Doki da Mahayinsa Daga Kano Zuwa Zangon Lome

Duk wanda ya san Lome ya san Agbalepedo. Nan ne babbar tashar motocin da ke lodin arewacin Togo, masu zuwa Sokode da Kara da Mango da Dapaong, kuma wuri ne da Hausa ke tashi a bakin masu shayi da mahauta da 'yan tireda. Abin hawa kuwa sai wanda ka zaɓa: manyan bas, ƙananan motoci, da baburan hayar da mutanen gari ke kira zemijan. Doki ne kawai sai an sha nema kafin a yi ido biyu da shi. Alhali kakannin Hausawan da suka kafa zango a wannan birni sun fito ne daga ƙasar da ake gane babban gida da yawan turakun da ke ƙofarsa.

Da doki ya yi ƙaranci, wani ilmi ya bi bayansa. Mutanen barga sun daɗe da sanin cewa mahayi ba ya rasa shan ƙasa. Doki kan yi tutsu, ko ya ci tuntuɓe ana tsakiyar sukuwa, ko majayi ya saki sirdi ya juya da mutum. Saboda haka magabata suka yi tanadin yadda za a mayar da wanda ya faɗo, kuma ba su bar wa zuciyarsa wannan aiki ita kaɗai ba. Akwai mai riƙe masa linzami, akwai mai yi masa ɗori, akwai dokin da aka ajiye don irin ranar, akwai maroƙin da zai zuga shi har ya tsumu. Tanadin nan ya haura shekara ɗari biyar.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi tufa ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a lulluɓe doki da ita, mahayi ma ya sa tasa, kibiya ta sauka ta maƙale ba ta kai ga fata ba. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Nauyin kayan ya sa ɗan lifidi ba ya iya ɗarewa doki da kansa. Baturen nan Kilafatin, wanda ya tarar da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙi da Gobirawa a Konya a 1826, ya ga da idonsa yadda sai an taru an ciccɓi 'yan lifida kafin su zauna a kan dawakansu. Wanda sai an ɗora shi tun ba a fara gumurzu ba, in ya faɗo a tsakiyar fage, ransa na hannun dakarun da ke biye da shi a ƙasa. Tun daga nan hawa ya zama aikin jama'a.

Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara wani abu da har gobe ake gani a hawan salla: dawakin zage. Dawaki ne da ake ɗaura wa sirdi da cikakken ado, a ja su a gaban sarki ba kowa a kansu. Mai kallo zai ɗauka ƙawa ce kawai, amma asalinsu shirin ko-ta-kwana ne. In dokin da sarki ke kai ya gaji, ko aka soke shi, ko ya kayar da shi, ga wani nan a shirye, ba sai rundunarsa ta gan shi yana dabo a ƙasa ba. Masu kula da wannan fanni har sarautu gare su. Madawaki ne shugaban mayaƙan dawaki, Shamaki ne mai kula da barga, Sarkin Zagi kuma shi ne babban zagage, mutanen nan da ke tafe a ƙasa gaban doki da gefensa. Zagi ne farkon wanda zai cafke linzami in doki ya firgita da ƙarar bindiga ko amon tambari, shi ne kuma farkon wanda zai kai hannu ga ubangidansa in ya zame.

Su kansu kayan hawan an ƙera su ne da tunanin faɗuwa. Sirdin Hausa yana da tudu gaba da baya, mutum ya zauna a tsakani ya kafu. Likkafa faffaɗa ce, tana ɗaukar tafin ƙafa gaba ɗaya. Linzami kuwa yana da zoben ƙarfe da ke zagaye haɓar doki, ja kaɗan ya isa ya tsayar da ingarma cak. Wannan ne sirrin jafi: barade su sako dawaki a guje kamar za su bi ta kan sarki, sai sun zo dab da shi su ja linzami, dawaki su zauna kan ƙafafun baya, ƙura ta tashi, a ɗaga masu a yi jinjina. Amma abin da ke riƙe mahayi shi ne ke cin amanarsa in rana ta ɓaci. In doki ya kife da mutum, tudun sirdi kan daki haƙarƙari ko ƙugu. In ƙafa ta sarƙe a likkafa, doki ya ja shi a ƙasa. Hannun da bai iya ba kuma, in ya fizgi irin wannan linzami, sai doki ya miƙe tsaye ya faɗa ta baya.

Wanda ya karye, gidan maɗori ake nufa da shi. Ɗori sana'a ce ta gado, garuruwa da yawa ma suna da Sarkin Ɗori. Maɗori zai shafa wurin da yatsu ya gane ko targaɗe ne, ko gocewar ƙashi, ko karaya. Sai ƙarfafa biyu ko uku su danne majinyaci, shi kuma ya ja gaɓar ya mayar da ƙashi mazauninsa, yana tofa addu'a, mai ciwo na salati. Ya shafa man shanu, ya jera karan dawa ko tsinken gora da aka saƙa kamar asabari, ya naɗe da tsumma ya ɗaure. Bayan kwanaki a kwance a duba, a sake ɗaurewa, a shiga gashi da ruwan zafi har ƙashi ya kama.

Ƙashi yakan riga zuciya warkewa. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mahayin da ya sha ƙasa da ƙarfi yakan iske ƙafarsa ta warke sarai, amma da ya sa ta a likkafa sai gabansa ya yanke ya faɗi, tafin hannu ya jiƙe, cinyoyi su ƙage. Matsalar ita ce doki na ji. Dabba ce mai saurin firgita, kuma tana karanta mahayinta ta cinya da linzami. Mai tsoro yakan matse ta da ƙafa yana kuma jan baki, wato yana ce mata tafi yana ce mata tsaya a lokaci guda. Sai ta rikice ta fara rawa, shi kuma tsoronsa ya ƙaru. Da yawa faɗuwa ta biyu daga nan take fitowa.

Maganin da barga ta sani shi ne sannu a hankali. Mai jinya yakan fara komawa wajen turke tun bai isa hawa ba. Ya zuba harawa, ya dama dusa da kanwa, ya goge jikin doki, ya saba da warinsa da haniniyarsa. Ranar da zai hau, ba a kawo masa dokin da ya kayar da shi, balle duƙushi mai ɗanyen kai. Tsohon doki mai sanyin hali ake ɗaura wa sirdi, wanda ya sha ganguna da bindigogi har sun daina damunsa. Wani ya riƙe ragama ya ja shi a cikin fili mai yashi, taku ɗaya bayan ɗaya. In jiki ya saki, a bar masa linzami. Daga nan kilisa da la'asar a bayan gari tare da abokan hawa, shi a tsakiya, dawakin da suka natsu suna gefe da gefe. Sukuwa ce ƙarshe, ita ma gajeriya. Wanda ya wuce wannan mataki ne ake sa ran gani a tawagar hakimi ranar salla, maroƙa na kiran sunan ubansa da kakansa, mata na rangaɗa guɗa. Faɗuwar gaba asarar namiji, in ji masu iya magana, amma masu faɗin hakan su ne kuma ke tafe a gefen dokinsa.

Malamai ma suna da tasu gudummawar, kuma mai ƙarfi ce. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa faɗowa daga kan doki har ɓarin jikinsa na dama ya ƙuje, ya ja sahabbai salla a zaune. Wanda ya san wannan ba zai ɗauki faɗuwa abin kunya ba. Akwai kuma labarin sahabi Jarir ɗan Abdullahi, wanda ya kai kukan cewa ba ya iya tabbata a kan doki. Annabi ya bugi ƙirjinsa ya roƙa masa tabbata, Jarir ya jagoranci mahaya 150 zuwa Zul-Khalasa, ya kuma ce tun daga ranar bai sake faɗowa ba. Addu'ar hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf, wadda yau ake karantawa a mota da jirgi, kakanni a kan sirdi suka fi karanta ta.

Duk wannan tsari yana buƙatar abu guda: dawaki masu yawa, masu daɗewa a raye. Nan ne kudu ta gaza. Da an gangaro daga ƙasar ciyawa an shiga ƙasar kurmi da rafuka masu duhuwa, sai a haɗu da tsando, ƙudan da ke sa wa dabbobi sammore. Doki na cikin waɗanda cutar ta fi yi wa kisan gilla. Ya fara zazzaɓi, ya rame, ƙafafu da mara su kumbura, cikin 'yan makonni ko watanni ya kwanta. Sai a 1895 wani likitan sojan Ingila, Dauda Burus, ya tabbatar a ƙasar Zulu cewa ƙudan ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Fatake kuwa sun riga shi sanin sakamakon, ko da ba su san dalilin ba. Abin da ya kashe dokin shi ya raya kasuwarsa: daular Oyo ta dogara da dawakin da ake kawowa daga arewa, sarakunan Asante ma sukan saya don ƙasaita, kuma kullum sai an sake kawo wasu saboda na bara sun mutu.

Hanyar Gwanja ce ta ɗauki babban kaso na wannan fatauci. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ana jaye da dawakin sayarwa, madugu na gaba. Su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Jugu ko Mango zuwa Salaga, su juyo da goro. Ta irin wannan hanya ce wasu Zabarmawa, Alfa Hano da Gazari, suka isa ƙasar Dagomba wajejen 1860 a matsayin dillalan dawaki. Daga baya suka rikiɗe mayaƙa, magajinsu Babatu ya addabi ƙasar Gurunsi da hare-haren kamun bayi, har ya ƙare rayuwarsa a Yandi. Ɓarnar da 'yan tsirarun mahaya suka yi a can ta nuna irin fifikon da doki ke bai wa mai shi a inda mutane ba su da shi.

A tsakiyar Togo, inda ƙasa ta fi sauƙin tsando, doki ya samu wurin zama. Kotokoli, waɗanda ke kiran kansu Tem, sun kafa rundunar mahaya da ake kira Semasi a masarautar Cawujo. Sarkinsu Jobo Bukari ya ƙulla ƙawance da Jamusawa a ƙarshen shekarun 1880, mahayansa suka taya su yaƙe-yaƙen mamaye arewa. Sokode, mai nisan kusan kilomita 340 daga Lome, ita ce cibiyar wannan gado. A watan Mauludi ana yin bikin Adosa, wanda ya yi suna da wasan wuƙaƙe, mahaya kuma su fito da dawaki cikin ado suna rawa da su a gaban sarakuna. A Nikki ta ƙasar Benin ana yin Gani, a Dagomba ana yin Damba, duk a watan guda, duk da dawaki. Bahaushen da ya je kallo zai ga sirdi da linzami da jalala irin na gida.

Daga Sokode zuwa teku kuwa labari ya sha bamban. Jamusawa, waɗanda suka kafa tutarsu a gaɓar Togo a 1884 suka kuma mayar da hedikwata Lome a 1897, sun ɗanɗana kuɗarsu. A farkon 1901 suka kawo wasu baƙaƙen Amurka daga makarantar Taskigi ta jihar Alabama don su koyar da noman auduga da garma a Tobe, kusa da Falime. Dabbobin da aka tanada don jan garma da amalanke suka yi ta mutuwa da sammore, har ta kai ga an ɗaura wa mutane garmar suna ja. Mafitar da gwamnatin mulkin mallaka ta samu ita ce ƙarfe. Jirgin ƙasa ya isa Aneho a 1905, Falime a 1907, dab da Atafame a 1911.

A wannan zamani ne zangon Lome ya ginu. Hausawa sun fara sauka garin tun shekarun 1880, kuma yaƙin basasar da ya watsa Salaga a 1892 ya ƙara turo fatake kudu, wasu Kete-Karaci, inda shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu kuma bakin teku. Jamusawa ma Hausawa suka fara ɗauka a rundunar 'yan sandansu, amma dakarun ƙasa ne. Arzikin zango ya tsayu a kan goro da shanu da saukar baƙi. Maigida ya sauke bafatake, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Shanu suna shigowa ne don yanka, ba sa daɗewa balle sammore ya gama da su. Doki kuwa dukiya ce da ake so ta shekara goma a turke, ga tsadar harawa, ga rashin fili. Ɗan kasuwa mai lissafi ba ya zuba kuɗinsa a nan.

Ko filin ma da an samu, ba a bar zangon ya zauna wuri ɗaya ba. An sha tayar da shi yayin da birni ke faɗaɗa. Na ƙarshe kuma mafi zafi shi ne na 1977, lokacin da gwamnati ta rushe zangon tsakiyar gari ta kwashe mutanensa zuwa wani fili mai nisan kusan kilomita 15 a arewa, wanda yau ake kira Aguwe-Zango. Wani masani Bafaranshe, Mishel Ajiye, ya zauna da su bayan tashin, ya fitar da littafi a kan kasuwancinsu da zamantakewarsu a 1983. A shekarar da aka rushe zangon ne dubban dawaki suka yi hawan daba a Kaduna don bikin al'adu na FESTAC. Jikokin kaka ɗaya ne, wasu na jafi, wasu na kwasar langa-langa.

Shi ya sa saurayin da ya tashi a Agbalepedo ko Aguwe-Zango, in ya hau doki, galibi hawan baƙunta ne: na aro a wajen biki, ko wanda ya samu da ya je ganin dangi a Sokode ko Katsina. Bai san halin dokin ba, dokin bai san shi ba. In ya faɗo, abokai su yi dariya, a ɗauka a waya a watsa, shi ke nan an rabu da hawa har abada, ko kuma ya koma da zafin kai don ya wanke kansa, wanda ya fi haɗari. Babu tsohon doki mai sanyi da za a ɗaura masa, babu zagi, babu dattijon barga da zai ce masa yau taku kawai za a yi.

Ƙasar Hausa ma ba ta tsira ba. Tun da bindigogin Turawa suka karya mahayan Kano a Kwatarkwashi a 1903, doki ya bar fagen fama ya koma na hawan salla da tsere da folo, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume, ɗansa Usman Nagogo ya yi fice a kansa. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma a gefen wannan ɗaukaka akwai samari masu hayar doki suna sukuwa a kan kwalta, inda kofato ke santsi, abin da ya sa hukumomin Kano suka sha hana kilisa a titunan birni.

Tsohon tsarin kansa yana da gurbin da ilmin yau ya cike. Maɗori na ganin karayar hannu da ƙafa, ba ya ganin jinin da ke taruwa a cikin kwanya. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa wanda ya bugu a ka, ko da ya miƙe yana magana, kada ya sake hawa a ranar. In ya suma, ko yana amai, ko jiri, ko ya manta abin da ya faru, ko wuya na ciwo, asibiti za a nufa da shi ba tare da an jijjiga shi ba. Hukumar wasannin dawaki ta duniya ta wajabta hular kwano ga mahayanta a duk lokacin da suke kan doki a filin gasa tun daga 2021. Wannan ba baƙon abu ba ne ga jikokin 'yan lifida, waɗanda ke sa kwalkwali tun zamanin Kanajeji, kuma rawani na iya hawa kan hular.

Sarakunan zango da masu shirya bukukuwa a Lome, in za su kawo dawaki, su kawo su tare da masu su, kowane doki da mai riƙe masa baki, a kuma nemi fili mai yashi nesa da kwalta. Iyayen yaron da doki ya kayar su fara kai shi likita. In ya warke yana son komawa, a haɗa shi da mahayan Sokode ko na gida Hausa, su fara masa daga turke.